Fuskar 'Yar Talata

Shekara goma sha tara na yi ina yanka mutane a bayan wani garejin gyaran motoci a Sun Valley, ba wanda ya taɓa zuwa neman ɗan'uwansa a wurina sai ranar da Madam Dubicki ta zo.

Sana'ata ke nan. In darakta yana so a sare kan yarinya a bakin tafki, ko a buɗe firji a tarar da gawa a ciki, ni da Lyle Brandvold ake kira. Mu ke yin kawunan roba da hannuwa da hanji, da jinin da muke haɗawa da ruwan sukarin masara da kalar abinci, wanda tururuwar unguwar kaf sun san hanyar tukunyarsa. Manyan kamfanoni ba su san da zamanmu ba. Namu finafinan yanka ne na kwana goma sha takwas, waɗanda ba sa ganin ƙofar silima, daga kyamara sai kaset, daga kaset sai kantar ƙasa a shagon haya. Ban taɓa jin kunyar aikin ba. Duk wanda ya ce shirme ne, ya zo ya yi mini kunne ɗaya da roba in gani.

Lyle tsohon mijina ne. Auren ya mutu tuntuni, shagon ne ya ƙi mutuwa, don shi ya iya sassaƙa, ni na iya zubi da fenti, kuma babu wani mahaluƙi a kwarin nan da zai iya zama da ɗayanmu har mako guda.

Ranar, cikin watan Agusta na 1994 ne, ana zafi na fitar hankali. Tun da safe na zuba robar wani kai a mazubinsa na tura tanderu, don washegari za a ɗauki fim da shi. Irin robar nan sai ta yi awa huɗu tana gasuwa, shago ya cika da warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi ya sa muka bar ƙofa a buɗe. Ina tsugunne ina wanke bokiti sai na ga inuwa. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da hular zuwa coci, da akwatin tafiya mai ɗaurin igiya, ta tsaya tana kallon ƙafafuwan da muka rataye a jikin bango suna bushewa.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Nan ne Salcido da Brandvold?"

"Nan ne, Mama," in ji Lyle. "In coci kike nema kin wuce ta, tana kwanar baya. Nan ɗaya ɓangaren ne."

"Ba coci nake nema ba, ɗan nan. 'Yata nake nema. Da ku take aiki."

Na ce wa Lyle ya kwashe yatsun da ya zuba a kan kujera ya ba baiwar Allah wuri. Ta zauna, ta ɗora jakar hannunta a cinya. Sunanta Irene Dubicki, daga Toledo ta jihar Ohio, kwana uku ta yi a bas. 'Yarta Roxanne ta bar gida tana da shekara goma sha tara, bayan sun yi cacar baki da ubanta, ta ce za ta zama 'yar fim. Wasiƙa biyu ta aiko, ta ukun ba ta zo ba. Shekara goma sha uku ke nan.

"Mama, mu biyun nan ne kawai a shagon," na ce. "Ni Bernadette, wancan mai furfurar banzan Lyle. Ba mu da ma'aikaciya."

"Na sani ba a shago take zama ba. A fim take fitowa. Amma ba sa rubuta sunanta a ƙarshe, na duba har idona ya yi ciwo. Sunanku kuwa yana cikin duka goma sha huɗun."

Ta zaro wani ɗan littafi daga jaka, ta buɗe. Ta jera su da rubutu mai kyau, irin na mutanen da: sunan fim, shekara, da mintin da 'yarta ta bayyana. Wata maƙwabciyarta ce ta fara gano mata na farkon. Tun daga nan duk kaset ɗin ban tsoro da ya shigo shagon hayar unguwarsu sai ta ɗauka. Matar da ko zagi ba ta iya ji, da hantsi take kallonsu tana guga, ta kashe muryar gaba ɗaya.

"Kullum a matsayin gawa take fitowa," ta ce. "Ban san me ya sa ba sa ba ta magana ba, alhali bakinta ba ya shiru. Amma aiki aiki ne. Waɗanda ake nuna kanta kaɗai ma na gane dabarar, tebur ne mai rami, ta shiga ƙasa ta leƙo. Na ƙarshen bara ya fito. Ka ga ke nan tana nan, tana da lafiya, tana cin abinci."

Sai ta miƙo mini hoton ranar gama makarantar sakandare. Yarinya mai faɗin goshi, da ɗan tabo ya raba girarta ta hagu biyu. Ina ganin tabon nan na gane ta. Ba fuskar da na sani a duniya kamar wannan, har da tawa. Na san ramin da ke gefen hancinta inda iska ke maƙalewa in ban buga mazubin da kyau ba. 'Yar Talata ce.

In za a kashe ɗan wasa a fim, sai an kawo mana shi mun ɗauki fuskarsa. Mu lulluɓe kan da irin ƙullun da likitan haƙori ke ɗaukar baki da shi, mu bar ƙofofin hanci kawai, mu naɗe da bandejin filasta, ya zauna minti ashirin ba gani ba magana. Daga nan mu fitar da mazubi, kuma mazubi ba a yar da shi. Yawancin mutane suna motsi, ko su yamutsa fuska don tsoro, aikin ya fito a karkace. A 1981 aka aiko mana wata yarinya da za a kashe a minti na ashirin na wani fim ɗin sansanin hutu. Ta zauna ko gezau, mazubinta ya fito tas, har ƙananan ramukan fata. Fim ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Bayan wata shida wani darakta ya buƙaci gawa cikin kwana biyu, ba lokacin neman sabuwar fuska, Lyle ya ce a zubo waccan a sauya mata gashi. Shi ke nan ta zama gawarmu ta gida. Kowane ƙaramin shago yana da tasa, ba mu muka fara ba. Takardar sunanta ta ɓata a wani gyaran shago da muka yi, muka riƙa kiranta da ranar da aka rubuta a bayan mazubin. Kuma kan da ke gasuwa a tanderu a daidai lokacin, taku goma daga kujerar uwarta, nata ne.

Lyle ya leƙa hoton ta kafaɗata.

"Bernie, zo ki ga wani abu a baya," ya ce.

Muka shige ɗakin fenti ya turo ƙofa.

"Ki ce mata tana nan lafiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki ce ta tafi ɗaukar fim a Kanada. Ki ba ta ruwan sanyi, ki sa ta a bas."

"Kai ka faɗa mata, tunda ƙarya ba ta yi maka wuya."

"Ke, ba faɗan aure muke yi ba yanzu. Dubi matar nan. Abin da ke riƙe da ita ke nan a duniya. Ki ƙwace ki ba ta me? Bokitin filasta?"

"Kotu kake tsoro."

"Ina tsoron kotu, wa ba ya tsoro? Amma ba shi ba ne. Wallahi ba shi ba ne, Bernie."

Abin haushin, gaskiya yake faɗa. Lyle yana iya sassaƙa maƙogwaro a yanke yana cin burodi, amma in kyanwa ta yi ɗingishi a ƙofar shago sai ya kasa aiki. Na yi tsaki, na ɗauko lemon kwalba a firjin da muke ajiye jini, na fito na yi abin da ya ce.

"Mama, mun gane ta," na ce. "Ba ta cika zuwa nan ba. 'Yan fim kin san su, yau suna nan gobe suna can."

Fuskar tsohuwar nan ta buɗe gaba ɗaya. Ta kama hannuna da hannu biyu, ba ta damu da filastar da ta bushe a kai ba.

"Na faɗa musu! Na faɗa wa 'yar'uwata, ta ce na zare. Yaya take? Tana da miji? Har yanzu tana cin farce?"

"Lafiyarta ƙalau," na ce.

Ta sunkuya ta kwance igiyar akwatin. Ta fito da kwalbar kokwamba mai tsami da ta jiƙa da hannunta, an naɗe da tawul. Ta fito da rigar sanyi saƙar gida, ruwan ganye, a garin da kare ke neman inuwa. Ta jera su a kan teburin aikina, kusa da kwanon haƙoran roba.

"Ba rigima na zo yi ba," ta ce. "Babanta ya rasu a watan Maris. Shi ne suka yi faɗan. So nake ta san ƙofa a buɗe take, ba wanda zai ce mata komai. Wannan ba maganar da za a ba da saƙo ba ce, 'yata, da bakina zan faɗa mata. Yaushe za ta zo?"

"Ba mu da tabbas, Mama," in ji Lyle daga nesa. "Ƙila ta yi wata guda. Ƙila biyu."

"Ba komai. Na kama ɗaki a bakin titi, kusa da tashar bas. Ba zan dame ku ba, nan kusurwar ta ishe ni. Na iya shara ma, na ga kuna bukata."

Ta gyara zama, ta cire hula ta ɗora a gwiwa. Na dubi Lyle, ya dubi silin. Wannan ce dabararsa ta ruwan sanyi da bas. Matar da ta kalli finafinan yanka ɗari uku don ta ga 'yarta, ita ce za a ce wa ta dawo wata mai zuwa ta tafi?

Agogon tanderu ya kaɗa. In aka bar robar ta wuce lokaci bushewa take yi ta farfashe. Ba wanda ya motsa a cikinmu, agogon yana ta ƙara.

"Abincinku zai ƙone," in ji Madam Dubicki.

Na je na kashe wutar, na bar ƙofar tanderun a rufe. A nan tsaye, da zafin yana dukan fuskata, na ji na tsani kaina. Shekara goma sha uku ina cin abinci da fuskar yarinyar nan ban san sunanta ba, yau kuma ina so in sa uwarta ta yi mini shara tana jiran roba. Na dawo na durƙusa a gabanta.

"Mama, ƙarya na yi miki. Ki yafe mini. Taso in nuna miki abu."

"Bernie," in ji Lyle.

"Rufe mini baki."

A bangon ɗakin baya muke rataye fuskokin filasta na duk wanda muka taɓa ɗauka, farare, idanu a rufe, sun fi ɗari. Ban nuna mata ba. Ta bi layi na biyu da ido, ta tsaya cak a ta bakwai. Na sauko da ita na sa mata a hannu. Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda na yi muku, ƙullun da bandejin da mazubin. Na ce sau ɗaya tak Roxanne ta taɓa shigowa shagon nan, wata Talata a 1981, kuma fim ɗaya ta yi da jikinta. Duk sauran roba ce, ni na zuba, ni na fenta. Ba mu san inda take ba. Ba mu san ko tana raye ba.

Ba ta yi kuka ba, ni kuwa na fi son ta yi. Ta sa babban yatsa tana shafa tabon girar.

"Lilo ne," ta ce. "Tana 'yar shekara shida." Ta ɗago ta dube ni. "Na cikin bahon wanka fa? Na bara? Na ga ta ɗan yi ƙiba, har na ji daɗi."

Robar ce ta kumbura a wancan zubin, don an yi ruwa a makon, iska ta yi laima. Ban faɗa mata haka ba. Na ce shi ma mu ne.

Lyle ya kasa jure shirun. Mutumin kirki ne, amma in ya rikice bakinsa ba shi da birki, kuma yabo ɗaya ya sani a duniya.

"Mama, ba mu taɓa samun kamarta ba," ya ce. "Na rantse. Manyan 'yan wasa sun zauna a kujerar can sun yi ta kuka kamar yara. Ita kuwa ko ƙifta ido. Fim ashirin da biyu, ba darakta ɗaya da ya taɓa dawo mana da ita."

"Goma sha huɗu," ta ce.

"Ashirin da biyu. Sau biyu ma namiji ta fito, da gemu, shi ya sa ba ki..."

Na taka masa ƙafa da dukkan ƙarfina. Da wuƙar gaske ce a hannuna a lokacin, da an samu gawar da ba ta bukatar fenti. Madam Dubicki ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ajiye fuskar a hankali a kan tebur, ta buɗe ɗan littafinta, ta miƙa masa da biro.

"Rubuta mini sauran takwas ɗin," ta ce.

Ya rubuta, yana share hanci da kafaɗa. Ita kuma ta juyo gare ni.

"Ke kika gan ta bayan kowa a cikin waɗanda na sani. Faɗa mini ranar. Kada ki ƙara mini komai, na ƙoshi da wannan."

Na faɗa mata iya abin da na tuna, ba shi da yawa. Ta zo a bas, ta makara da rabin awa, da burodi da man gyaɗa a cikin jakar takarda. Ta tambaya ko abin zai tuge mata gira. A sana'armu in an rufe wa mutum fuska dole wani ya riƙe masa hannu har a gama, in ya matsa sau ɗaya lafiya, in ya matsa sau biyu a fasa komai a fito da shi. Ni na riƙe nata. Hannun da sanyi, faratan duk a cinye.

"Ta matsa sau biyu?"

"Ko sau ɗaya ba ta tsorata ba. Waƙa take yi ta hanci, ina jin ta a cikin filastar. Da muka cire, ta ga fuskarta ta ciki, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, da mamata za ta ga wannan, suma za ta yi."

"Ta ce haka?"

"Ta ce. Wannan ba ƙari."

"To ga shi ban suma ba," in ji tsohuwar, sai a nan kuka ya ƙwace mata.

Na bar ta ta yi mai isarta. Wajen ƙarfe huɗu Roxanne ta fita a ranar, da guntun filasta a bayan kunne, ta yi hagu wajen tashar bas. Iyakar abin da nake da shi ke nan, na ba ta duka.

Da ta lafa na buɗe tanderun, na sa safar hannu na fito da mazubin, na ɗora a kan benci. Na ɗauko guduma.

"Mama, wannan shi ne tushen abin. Yanzu a gabanki zan fasa shi. Ba za a sake kashe 'yarki a shagon nan ba. Wannan farar fuskar kuma taki ce, zan naɗe miki ita da kyau ki tafi da ita gida."

Lyle ya san gobe ƙarfe bakwai darakta na jiran kan nan, amma bai hana ni ba. Na ba shi wannan, har yau.

"Ajiye gudumar nan," in ji Madam Dubicki.

"Mama..."

"Na ce ki ajiye. Wa ya aike ki?" Ta ture farar fuskar gefe da bayan hannu. "Wannan kuma ba na so. Dube ta fa, fara fat, ido a rufe, baki a rufe. In na rataye wannan a ɗakina na yi jana'iza ke nan, ni kuwa ba wanda ya kawo mini gawa. Na fim ɗin, ko an yanka ta na san ƙarya ce. Wannan ce ta yi kama da gaskiya."

Na ajiye gudumar.

"Buɗe in gani," ta ce.

Na ce ba a fenta ba, ba gashi, ba kyan gani. Ta ce ta wanke wa yarinyar nan kashi shekara biyu, ba ni zan faɗa mata kyan gani ba. Lyle ya kwance ƙusoshin, muka raba mazubin biyu, muka zaro kan, da ɗuminsa, launin madara, da laushi kamar burodi. Na kafa shi a kan sanda. Tsohuwar ta ja kujerarta ta matso.

Nan ta wuni. Ina fenti tana gyara mini. Ta ce kumatun sun fi haka ja, in ta yi gudu har kunne yake kaiwa. Ta ce akwai ɗigo uku a ƙarƙashin idon dama da ban taɓa sa mata ba, na ce filasta ba ta ɗaukar launi, ta ce to yanzu na sani. Lyle ya buɗe kwalbar kokwambar bisa umarninta, muka ci da burodi a tsaye, ta ce masa ya rage surutu ya ƙara aski. Da na ɗauko gashin da darakta ya zaɓa, ja mai tsawo, ta karɓe matajin daga hannuna.

"Ba ta nan take tsaga ba. Duk finafinan nan kuna tsaga mata ta dama, ina ta jin haushi ni kaɗai."

Ta tsaga ta hagu. Ta taje a hankali tun daga ƙasa, tana riƙe tushen gashin da ɗaya hannun don kada ya ja, yadda ake yi wa mai rai. Na juya baya na yi kamar ina wanke buroshi, don idona ya cika, kuma ba na son Lyle ya gani ya samu abin faɗa.

"Gobe da me za a kashe ta?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Gatari, Mama."

"Ta ina?"

"Ta goshi aka tsara."

"A'a. Ta ƙeya. Kada a taɓa fuskar."

"Ta ƙeya," in ji Lyle da sauri. "Ya ma fi ban tsoro. Zan gaya masa ra'ayina ne."

Ta gama, ta mayar da wani silin gashi bayan kunnen, ta ja baya tana kallo. Sannan ta ninke rigar sanyin ta mayar akwati, ta ɗaure igiyar, ta sa hularta. Ta ce gobe da safe za ta bi bas ɗin gida, ta bar wa maƙwabciya tsuntsunta.

"Ban ce tana raye ba," ta ce a bakin ƙofa. "Ban ce ta mutu ba. Da ban sani ba, yanzu ma ban sani ba, sai dai yau na san ban sani ba. Amma ku ci gaba da ba ta aiki. Sau ɗaya ko biyu a shekara ina shiga shagon hayar unguwarmu in ɗauko kaset in ga 'yata. Wasu iyayen ko wannan ba su da shi."

"Za mu ci gaba, Mama."

"Abu ɗaya zan roƙa. Ku ce su ɗan bar ta ta daɗe. Na baran nan sakan biyu ne, kafin in ajiye dutsen guga an wuce. In na tsayar da kaset ɗin kuma hoton rawa yake yi, ba na ganin idonta."

Washegari na kai kan da kaina wurin ɗaukar fim, wani tsohon gidan gona a bayan gari. Daraktan yaro ne ɗan shekara ashirin da shida, mai hula a juye, ya ce sakan biyu ya isa, gawar roba in ta daɗe a gaban kyamara asirinta tonuwa yake yi. Gaskiyarsa, ni na koya wa rabinsu wannan dokar. Na ce masa ko ya ba ta sakan shida da haske a fuskarta, ko in mayar da kan cikin kwali in tafi gida, ya yanka kabewa. Ya ce na haukace. Na fara naɗe kwalin.

Da aka zo haɗa fim ɗin na je na zauna a bayan editan, da agogo a hannuna, ba wanda ya gayyace ni. Duk mai ido zai gane roba ce tun a sakan na uku. Shida suka bari, na ƙirga.